N400,000 kuɗin inshorar motar yaro ɗan shekara 22, haka abin yake?

Baban Ummi, Malam Madori:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin masu sani. Autanmu, shekararsa 22, Allah ya dafa masa bana a harkar riɗi, ya haɗa da ɗan abin da ya samu na gado, ya tafi Kano ya ɗauko Honda Accord 2010 mai silinda shida, wadda samari ke kira Evil Spirit. Miliyan 8 ya zube. Ni dai ban so ba, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Idan ya taso daga Hadejia da daddare, tun kafin a ga fitila ake jin kukanta.

Hajiyarmu ta ce lallai a yi wa motar inshora. Wani mai yin takardun mota ya ce in kawo N15,000 an gama. Da na kira wani kamfani a Kano, sai suka ce N400,000 a shekara, a sa mata tiraka, wato na'urar bin sawun mota, sannan suka hau tambayar shekarun direba da lokacin da ya karɓi lasisi. Me ya kawo wannan tazara? Kuma wani abokina ya ce in rubuta sunana a matsayin direba tunda ni na haura 40. Akwai matsala a ciki?

Abu Safwan, Kano:

Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Na taɓa wannan aikin, kuma duk su biyun ba su zalunce ka a farashi ba, kaya ne iri biyu.

Ta N15,000 ita ce ƙaramar inshora, ta ɓangare na uku, wadda doka ta wajabta wa duk motar da ta hau titi. Da N5,000 ce, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da ita N15,000 daga 1 ga Janairun 2023, ta kuma ɗaga abin da ake biya na ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Amma wanda ƙaninka ya buge take biya: motar wani, katangar wani, ko rauni da asarar rai. Motarsa kuwa ko fitila ɗaya ba za a saya masa ba.

Ta N400,000 cikakkiya ce, ta haɗa da haɗari, gobara da sata. A wannan sanarwar dai NAICOM ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Lissafa kashi 5 na miliyan 8, ka ga a mafi ƙarancin farashi ma suka tsaya maka.

Shekarun yaron ba a nan suka fi cizo ba, sai ranar biya. Akwai kason da mai mota ke fara ɗauka daga aljihunsa kafin kamfani ya cika saura, shi ake ce wa ekses. Kamfanoni da yawa suna ƙara shi idan matashi ne ko sabon lasisi ke riƙe da sitiyari lokacin da abin ya faru. Ka ce su nuna maka wannan layin a takarda kafin ka biya ko kwabo.

Maganar sa sunanka kuma, ka bar ta. Idan aka ce wane ne ya fi tuƙa motar ka ce kai ne, alhali duk Malam Madori sun san ta yaro ce, ranar da aka yi haɗari mai bincike zai zo, tambaya biyu zai yi a bakin tasha ya gano. Suna da hurumin ƙin biya saboda bayanin ƙarya, kuɗinka kuma ya tafi.

Sai abin da ya fi kama mutanenmu na karkara: sulhu. An buge saniya ko mai babur, an taru a ƙofar mai gari, an yanka kuɗi, an biya, an yi addu'a, bayan sati biyu a kira kamfani a ce a mayar. Ba sa mayarwa. Sharaɗinsu shi ne a sanar da su da wuri, a samo rahoton 'yan sanda, kuma kada ka ɗauki laifi ko alƙawarin biya ba da saninsu ba. Ba a hana sulhu ba, amma a buga musu waya kafin a shimfiɗa tabarma.

Oga Sale Bakanike, Hadejia:

Alhaji, ni ba ɗan boko ba ne, amma irin motar nan tana kwana a garejina. Injin 3.5 ne, ba na yara ba ne. Idan ta daki abu da gaba, bamba, fitilu biyu, lagireto, kwandensan AC da jakar iska duk tare suke tafiya, kuma sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano. Kafin fanabita ya taɓa ta ka kashe abin da ya kai kuɗin inshorar ko ya fi. Don haka ni ban ga tsadar N400,000 ba.

Tambayata ɗaya: yana wasan mota? Don na san samarinmu ranar ɗaurin aure da bayan Sallah, a sami fili a yi ta juyi ana tayar da ƙura. Ka duba tayoyin baya da birkin hannu, su za su gaya maka gaskiya, ba shi ba.

Abu Safwan, Kano:

Oga Sale ya taɓo wurin. Tsere da gwajin gudu suna cikin abubuwan da takardar inshora ke cirewa ƙarara. Ga shi yanzu kowane biki akwai mai ɗaukar bidiyo ya sa a TikTok, shaida ta samu ke nan.

Maman Hanif, Ringim:

Baban Ummi, idan Hajiya tana da shakku ta fuskar addini, akwai takaful, wato inshora ta tsarin Musulunci, irin su Jaiz Takaful, Noor Takaful da Salam Takaful. Gudummawa ake tarawa a asusu ɗaya, a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa, idan an sami rara a raba wa waɗanda ba su karɓi komai ba. Sharuɗɗan direba dai suna nan, ba a sassauta su don an ce takaful.

Ta N15,000 ɗin ma a yi hattara, jabu ta yi yawa. Maigidana ya shekara yana yawo da takarda, ashe ba ta cikin rajista. A shiga askniid.org a sa lambar mota, idan ba ta fito ba, takarda ce kawai. Tun Fabrairun 2025 'yan sanda suka matsa a kanta.

Baban Ummi, Malam Madori:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Oga Sale, na leƙa tayoyin bayan da ka ce, sun sha ƙasa, mota ko wata uku ba ta yi a hannunsa ba. Na gaya wa Hajiya. Ta ce a yi cikakkiyar da sunansa, shi zai biya daga kuɗin riɗinsa, kuma duk ranar da ake biki a gari makulli a ɗakinta zai kwana. Tun jiya yake kumbure-kumbure.

Malam Abu Safwan, saura abu ɗaya: ana yarda a biya kashi biyu, rabi yanzu rabi bayan an sayar da zoɓo, ko dole sai a dunƙule?