Kuɗin takiyyar masallacinmu ya ƙi daidaita, a taimaka min

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni na'ibin liman ne a unguwarmu nan garin Gadarif na Sudan, tunda mutanen garin Wad Madani suka gudo wa yaƙi suka kwararo mana ƙarshen 2023 dattawa suka ɗora min ragamar takiyya, wato wurin da ake dafa abincin sadaka, muna dafa adas (wani nau'in wake) da asida (tuwon dawa) ga 'yan gudun hijira da almajiran khalwa, wato makarantar allo.

Gudummawa yawanci daga 'yan uwanmu na Jidda da Makka take zuwa, ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, kuma akawun ɗina take shiga don ƙungiyar bata da nata. Anan matsalar take. In zan mayar da shi tsaba ɗan kasuwa sai ya yanki kasonsa, ga buhun dawa yau da farashinsa gobe da wani, masu gawayi da masu niƙa kuma basa bada rasit.

Na sayi littafi ina rubuta komai, na haɗa da hoton kowane tiransifa, har na karanta lissafin bayan sallar Juma'a amma abinda ya shigo da abinda ya fita sun ƙi haɗuwa, wani baffanmu ya miƙe yace "Malam, ragowar fa?" Wallahi ranar ban runtsa ba. Naje banki a buɗe mana akawun da sunan ƙungiya sukace sai da takardar rajista, mu kuma ko tsarin mulki a rubuce bamu da shi.

Don Allah wanda ya taɓa jagorantar irin wannan, ta yaya kuke rubuta kason ɗan kasuwa da sayayyar da ba rasit har jama'a su gamsu?