Wai labulen baranda mai tsada ɓarnar kuɗi ne?

Hajiya Mai Baranda: Salam jama'a. Barandarmu raga ce zagaye da ita, to kun san raga sauro kawai take tarewa, ruwa in ya zo da iska sai ya feso ciki ya jiƙa mana kushin tas, da la'asar kuma rana ta dallo ta gefe ɗaya ba mai iya zama. Na duba labulen da ake cewa na waje ne naga kuɗin ya fi ƙarfina. Ƙanina yace duk ɓarnar kuɗi ne, wai in sayi labulen banɗaki ko farin kyallen nan mai kauri da masu fenti ke shimfiɗawa a ƙasa in rataya, aikinsu ɗaya. Gaskiya ne ko zai kai ni ya baro?

Kafinta: Wslm Hajiya. Ƙaninki ya faɗi gaskiya wlh. Duk abinda ka rataya a waje rana da ruwa sai sun cinye shi, mai tsada da mai araha, to meye na zuba kuɗi. Ki sayi kyallen masu fenti ki fesa masa maganin hana ruwa shiga, in ya mutu ki canza wani ranki fes.

Malam Tela: A'a Kafinta tsaya, kar ka haɗa su a kwando ɗaya. Kyallen masu fenti auduga ce, ita kuma auduga shan ruwa take ta riƙe, kuma fumfuna cinta take yi kamar abinci. An sha kawo min irinsa in gyara, kalmasar ƙasa duk ta yi ɗigo ɗigo baƙi, kana ɗagawa wari ya buge ka, ka sa bilic ka wanke kuma zaren ya ƙara rauni. Ga shi yana tsukewa a wankin farko, ka auna daidai ka wanke ka dawo ka tarar ya ɗage sama. Maganin feshin ma ba sau ɗaya ake yi ba, fita yake sai an riƙa sabuntawa, ka lissafa kuɗin gwangwanayen nan ka gani ko arahar tana nan.

Kafinta: To ai ba cewa nayi a barshi a jiƙe ba Malam. Ruwa ya ɗauke a baza shi ya bushe.

Malam Tela: Wa zai riƙa tashi ƙarfe biyun dare yana baza labule hhhh

Injiniya: Ni ina ganin tun tambayar farko aka haɗa abu biyu. Hajiya rana kike son tarewa ko ruwa? Don ba yadi ɗaya ke yin su da kyau ba. In rana ce akwai ragar inuwa ta roba, HDPE, irin wadda masu lambu ke sawa, ana rubuta mata kaso kamar 70 ko 90 cikin ɗari wato yawan hasken da take tarewa. Saƙa ce irin ta suwaita, ko kin yanka da almakashi ba ta warwarewa, iska na ratsa ta, ba ta ruɓewa kuma tana da sauƙin kuɗi. Amma ruwa yana bi ta ciki, rage ƙarfin feshin kawai take. In ruwa ne to sai ledar PVC mai garai garai ko polyester da aka shafa wa roba a baya. Kuma ku riƙa karanta rubutun jikin kwali, wanda aka ce yana jure ruwa daban, wanda ruwa baya ratsawa daban, na farko yayyafi yake iyawa, ruwan da iska ke turowa na awa biyu sai ya jiƙa shi.

Anti Mai Fulawa: Wayyo ledar nan mai garai garai kar ku tuna min. Ita na sa, ruwa kam ko ɗigo baya shiga, amma ranar da na manta ban naɗe ba rana ta fito barandar ta koma kamar cikin mota da aka rufe gilas, fulawowina guda biyu suka yi yaushi. Sannan na naɗe ta da danshi, da na warware sai naga ta yi fari fari kamar hazo kuma ta manne da juna. Bayan wani lokaci ta fara yin rawaya, da sanyi yazo tayi tauri ta tsage daidai wajen zoben da ake rataya ta da shi. Wanda ya sayar min bai gaya min ko ɗaya ba, cewa kawai yayi original ce.

Injiniya: Allah sarki Anti, siririya aka baki. Kaurinta da geji ake faɗa, geji 20 kusan rabin milimita ne, akwai 30 akwai 40, mai kauri ta fi jure iska amma ta fi nauyi da wuyar naɗewa. Kuma ba'a goge ta da ruwan wankin gilas mai amoniya, sabulu mara ƙarfi da ruwa kawai, a bari ta bushe kafin a naɗe.

Kafinta: Kun gani ko, Anti ta kashe kuɗi kuma ya mutu. Maganata ta fito.

Malam Tela: Bata fito ba. Mai tsadar da ake magana ba leda bace, yadin acrylic ne irin su Sunbrella, kuma ba suna kawai kake saya ba. Shi launin tun robar tana ruwa ake zuba shi kafin a ja zaren, don haka ciki da waje launi ɗaya ne, kamar karas, duk inda ka yanka ja ne. Polyester mai araha yawanci bayan an saƙa ake rina shi, launin a sama yake, shi yasa kake ganin shuɗi ya koma toka toka ta gefen rana alhali cikin ninkin yana nan sabo. Shi acrylic ɗin har bilic da aka sirka da ruwa yana ɗauka bai koɗe ba. In kana canza naka duk shekara ni ina kan nawa shekara da shekaru wa ya yi asara?

Kafinta: Wanda bashi da kuɗin a hannu yau fa? Sai ya zauna ruwa na dukan kushin har ya tara? Kuma wanda ke gidan haya ya yanka yadi mai tsada daidai barandar wani, ya tashi ya koma inda saiz ɗin bai yi ba.

Malam Tela: Nan kam ka kama ni, na haya ba zan ce masa ya saya ba. Amma ko shi ɗin ba auduga ba. Akwai na tsakiya, olefin, shima a zare ake sa masa launi, baya shan ruwa, nan da nan ya bushe kuma bai kai acrylic kuɗi ba, sai dai kar a kusanta shi da dutsen guga ko wajen gashin nama, narkewa yake.

Baba Dattijo: Ku yara kuna ta yadi yadi, ni duk labulen da na rasa iska ce ta kashe min shi. Ta ɗaga shi ta maka da raga, ta ɗaga ta maka, har ragar ma ta ɓalle daga katako. Asabarin gora ma na gwada, inuwarsa da daɗi amma igiyoyin suka tsinke kuma ya yi baƙi.

Injiniya: Baba ya taɓo inda yake. Iska in gudunta ya ninka biyu ƙarfin da take tura labule ninkawa yake sau 4, kuma wanda baya barin iska ta wuce shi yafi shan wuya. A ɗaure ƙasa, ko a zura sarƙa ko siririn fayif cikin kalmasa, zobunan kuma su zama na tagulla ko silba mara tsatsa, na ƙarfe zalla tsatsa zasu zubo miki layi layi a jikin yadin. In hadari ya haɗo da gaske a tattare a ɗaure kawai, ba labulen da zai yi kokawa da guguwa. Tamfol shuɗi kuwa kar ma a fara, ƙarar sa kaɗai ta hana barci.

Hajiya Mai Baranda: Nagode sosai. Gefe ɗaya ne rana ke dukana, ɗayan kuma ruwa. Ina ganin ragar inuwa zan sa a na rana, na ruwan in fara da labulen banɗaki na polyester in gani. Kyallen fenti na fasa, ƙanina yayi haƙuri.

Kafinta: Rabin shawararsa dai kika ɗauka Hajiya, a rubuta.

Malam Tela: Ki auna tsayi tukuna, na banɗaki yawanci inci 72 ne, wajen santimita 183, baranda kuma ta kan fi haka, kar ruwan ya bi ta ƙasa ya shigo.

Hajiya Mai Baranda: Yanzu na sa yaro ya auna, mita 2 da santimita 40.

Malam Tela: To ko ki nemi dogon saiz ko ki sayi ƙarin ɗaya a yanka a jona a ƙasa, na sama ya hau kan na ƙasa ta waje don ruwa ya gangara. Kice wa telanki zaren polyester zai sa ba na auduga ba, kuma ya bar kalmasa mai faɗi da sarƙa zata shige.