Neman kalmar Hausa: me za mu kira "ridim"?

Rabi'u: Assalamu alaikum malamai. Gobe Asabar da dare zan yi shiri a rediyo kan faifan rege mai suna Stalag 17-18-19 da mai haɗa kiɗa Winston Riley ya fitar a Jamaika tsakiyar shekarun 1980. Kiɗa guda ne, an buga shi tun 1973, amma mawaƙa da yawa kowa ya hau da tasa waƙar, ciki har da Tenor Saw. Shi ne kiɗan da Sister Nancy ta hau a 1982. Irin wannan suke kira "ridim". In na ce "kiɗa" kawai, mai sauraro ba zai gane cewa abin haya ne ba. A agaza.

Malam Sule: Wa alaikumus salam. Ka ce "kari". Marubuta waƙa sun daɗe suna aron karin wata waƙa su ɗora baitinsu.

Hajiya Binta: Malam, kari a baki yake. Wannan kuwa ɗaukakken sauti ne, da gangunansa da jitarsa mai kauri, ana juya shi a faifai. Ni "take" na fi so.

Ɗan Maraɗi: Take yana da mai shi, Hajiya. Ba ka buga taken sarki ka hau da waƙar budurwa. Ridim na kowa ne.

Baba Lawal: Tun bara na ƙirƙiro "shimfiɗar amo". An shimfiɗa, kowa ya zo ya zauna. Ba a karɓa ba ne don ba daga jami'a ta fito ba.

Malam Sule: Baba, gaɓa biyar ce, ta yi wa rediyo nauyi.

Baba Lawal: Nauyi? Da Bature ya kawo ta da kun haddace. Kuma kiɗan 'yan rege ne za mu ɓata wa dare, ga namu makaɗan sun mutu ba a adana faifansu ba?

Rabi'u: Baba, Allah Ya huci zuciyarka. Abin ya cancanci suna. Rupie Edwards ya fara faifan kiɗa guda a 1974, Yamaha Skank. A 1985 King Jammy ya fito da ridim ɗin Sleng Teng daga ƙaramar na'urar kiɗa Casio MT-40, mawaƙa suka yi masa rubdugu, makaɗan hannu suka fara rasa aiki. Ridim ɗin Diwali na 2002 shi ya kai Sean Paul ƙolin waƙoƙin Amurka. Mai haɗa kiɗa ya zama uban tafiya, mawaƙi baƙo. Yaranmu na situdiyo ma suna sayar wa mutum biyu kiɗa ɗaya, ba su da sunan abin.

Ɗan Maraɗi: To ga shi kusa: muna da gindin waƙa da ɗiyanta. Ka ce "gindin kiɗa", waƙoƙin su zama ɗiya.

Hajiya Binta: A kunnen Bakano a rediyo? Yara za su yi ta dariya. "Uwar kiɗa" dai.

Ɗan Maraɗi: Kullum sai Kano ta yanke? Masana ma gindin waƙa suke rubutawa.

Malam Sule: Ka yi gaskiya, amma Rabi'u a Kano zai yi magana. Na bi Hajiya, ko da yake an san uwa a jerin ganguna, za a iya ruɗewa.

Rabi'u: Na gode. Gobe zan ce "ridim, wato uwar kiɗa" sau ɗaya, in ci gaba da uwar kiɗa. Faifan fa, "kundin uwa ɗaya"?

Baba Lawal: Wannan ban yarda ba sam. Uwar kiɗa ka yi da ita gobe, amma a ƙamus "shimfiɗar amo" zan tura.