Lambobin cacar ƙwallon kwando: shawarwarin 'yan zaure ga mai neman ceto ƙanensa

Ɗan'uwa daga Mabera: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawararku a kan ƙanena, wanda ya bar cacar ƙwallon ƙafa ya koma ta ƙwallon kwando ta Amurka, yana cewa tunda ba a tashi canjaras a wasan, hanya biyu ce kawai, saboda haka cin kuɗi ya fi sauƙi. Duk lokacin da na yi masa faɗa sai ya nuna mini lambobi a wayarsa, irin su 1.91 da -6.5 da 224.5, ya ce ni ne ban san lissafin ba. Ina so in gane ma'anar lambobin nan domin in yi masa magana da abin da ya sani.

Malamin lissafi: Wa alaikumus salam. Lambar 1.91 ita ce suke kira od, kuma farashi ce da kamfanin ya yanka. Wanda ya zuba naira 1,000 ya ci, za a ba shi 1,910, wato ribarsa 910. Shawarata ita ce ka zaunar da shi da takarda da biro, ka ce ya ɗauka mutum biyu sun zuba naira 1,000 kowannensu, ɗaya a wannan ƙungiya ɗaya a waccan, kowa a kan 1.91. Kamfanin ya karɓi 2,000, ya biya wanda ya ci 1,910, ya riƙe 90, kuma bai damu da wadda ta yi nasara ba. Wannan 90 ɗin kashi 4.5 ne cikin ɗari na duk abin da aka zuba. Idan ya raba 1 da 1.91 zai sami kashi 52.4 cikin ɗari, kuma wannan shi ne yawan cin da yake bukata kafin ya dawo da uwar kuɗinsa kawai. Mai cin rabi yana faɗuwa rabi, kuɗinsa raguwa suke yi. A shafukan Amurka ana rubuta wannan farashin -110, ma'ana a zuba 110 a ci ribar 100, kuma +150 na nufin a zuba 100 a ci ribar 150.

Kocin matasa: Na gode, Malam. Bari in ɗauki sauran lambobin biyu, domin su ne na fannina. Ita -6.5 handikaf ce: an rage wa ƙungiyar da ta fi ƙarfi maki shida da rabi tun kafin a fara, saboda haka sai ta yi nasara da tazarar maki 7 ko fiye sannan wanda ya bi ta ya ci. Idan ta ci da tazarar maki 6, ta yi nasara a fili, shi kuma kuɗinsa sun tafi. An sa rabin makin ne don kada lissafi ya faɗo daidai a mayar wa mutane kuɗinsu. Ita kuwa 224.5 jimillar makin ƙungiyoyin biyu ce, ana zaɓar ko za a haura ta ko ba za a kai ba, abin da yaran ke kira oba da anda.

Abin da nake so ka nuna masa shi ne yadda minti biyun ƙarshe ke wargaza waɗannan lambobi. Ƙungiyar da ke baya tana yin keta da gangan don ta tsayar da agogo, a yi ta jifan kyauta, tazarar maki 5 ta koma 9 ko ta koma 2. Wadda ke gaba da maki 20 kuma takan fitar da manyan 'yan wasanta ta sa yara, tazarar ta narke ba tare da kocin ya damu ba. A NBA, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kowace ƙungiya daga cikin 30 tana buga wasa 82 kafin zagayen neman kofi, wani lokaci dare biyu a jere, kuma ana iya hutar da babban ɗan wasa a sanar dab da farawa. Wasan NBA minti 48 ne, na dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, da muke bi a nan minti 40, shi ya sa jimillar makinsu ba ɗaya ba ce. Maganar canjaras ma ba haka take ba: ana iya cika lokaci da maki daidai, sai a ƙara minti 5, kuma wannan ƙarin kaɗai ya isa ya mayar da anda ya zama oba.

Ɗan'uwa daga Mabera: Allah ya saka da alheri. Yakan ce shi manyan ƙungiyoyi kawai yake bi, masu od 1.20, kuma yana haɗa wasa da yawa a tikiti ɗaya don kuɗin su yi kauri.

Malamin lissafi: To, nan ne asarar ta fi yawa. A kan 1.20 sai ya ci sama da wasa 83 cikin 100 kafin ya tsira da uwar kuɗi, domin faɗuwa ɗaya tana cinye ribar wasa biyar. Ka tuna masa cewa a watan Yuli na 2021 D'Tigers, 'yan ƙwallon kwandon Najeriya, sun doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunci a Las Vegas, kuma duk wanda ya dogara da sunan babbar ƙungiya a ranar ya yi asara. Haɗa wasanni kuwa yana ninka rabon kamfani ne. Wasa 5 a kan 1.91 suna ba da od kusan 25.4, alhali damar cin su duka, idan kowane rabi da rabi ne, ɗaya ce cikin 32. Kashi 4.5 ɗin nan ya koma kusan 21 ke nan. A wasa 10 damar ɗaya ce cikin 1,024, od ɗin kuwa kusan 646 ne kawai. Wannan ne dalilin da ya sa aka fi tallata dogon tikiti, kuma idan ya ce wasa ɗaya ne ya tsinka masa, ka gaya masa cewa haka lissafin ya tanada tun farko.

Malam mai karatun zaure: Bayanin malamai ya yi kyau, amma kada lissafi ya zama shi ne hujja ta farko. Allah ya haɗa caca da giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ya ce a nisance su, ya kuma faɗi cewa Shaiɗan yana son ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakani ta hanyarsu, ya kange mutane daga ambaton Allah da salla. Ko da yaron yana ci kullum, hukuncin bai canza ba. Ina ba ka shawara ka yi masa nasiha a keɓe, ba a gaban ƙannensa ko abokansa ba, kuma ka sanar da mahaifinku cikin hikima.

Malamin lissafi: Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, kuma ban ce a bar wannan ba. Yaron ya san hukuncin tun yana makarantar allo. Abin da ke riƙe da shi shi ne zaton cewa ya fi kamfanin wayo, kuma wannan zaton ne nake so a karya.

Hajiya ma'aikaciyar jinya: Ɗana, ka lura da barcinsa. Wasan da aka fara ƙarfe 7:30 na yamma a gabashin Amurka, a nan ƙarfe 1:30 na dare ne a lokacin sanyi, na yammacin ƙasar kuma sukan kai asuba. Ka bincika ko yana cin bashi a manhajojin rance, ko ya sayar da wani abu nasa, ko yana ƙara kuɗi don ya maido da abin da ya rasa. Idan ka ga waɗannan, faɗa kaɗai ba zai isa ba. Ku kai shi ya ga likita a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, domin kamuwa da caca cuta ce da likitoci suka sani. Kada ku biya masa bashi ta hannunsa, ku biya mai bin bashin kai tsaye, kuma wani babba ya riƙe katinsa na banki na ɗan lokaci.

Kocin matasa: Akwai nau'i ɗaya da ban ambata ba, wato caca a kan ɗan wasa guda, ko zai ci maki kaza ko ba zai kai ba. A watan Afrilu na 2024 NBA ta kori Jontay Porter na Toronto Raptors har abada, bayan ta gano ya ba masu caca bayanin lafiyarsa kuma ya fita daga wasa da wuri don cacarsu ta ci. Kafin shi, alƙalin wasan NBA Tim Donaghy ya amsa laifin da ya shafi caca a 2007, aka ɗaure shi wata 15. Masu irin wannan sirri ba sa sayar da shi a Telegram a kan naira 2,000, saboda haka ka duba wayarsa ko yana biyan masu cewa suna da tabbataccen wasa. Idan har son wasan yake da gaske, ka turo mini shi ranar Asabar bayan la'asar, muna atisaye da matasa, kuma muna neman wanda zai riƙa rubuta mana maki.