In biya kuɗin ajin koyon kasuwancin fasaha ko in ci gaba da abina?

Ɗan_Samaru

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Na karanci kwamfuta, na dawo daga bautar ƙasa, yanzu ina Samaru ba aiki sai ɗan gyaran waya a shagon yayana. Akwai abin da ya daɗe yana min yawo a kai, manhaja ce ta rubuta bashi ga masu shagon kayan masarufi, kana sa sunan mutum da abin da ya karɓa, in lokaci ya yi ita da kanta za ta tura masa saƙo ta tuna masa. Na rubuta kusan rabi.

To sai ga wata talla a WhatsApp, wani ne yake cewa shi ɗan kasuwar fasaha ne kuma mai zuba jari kuma malami, zai yi aji na sati biyu naira dubu 40, da satifiket, wai kuma zai haɗa mutum da masu kuɗi. Ni dai ba ni da su sai in na ranta wajen Hajiyarmu. Wai da gaske ana koyon kasuwanci a aji? Kuma akwai wanda kuka sani da ya haɗa abubuwan nan uku da gaske, ba a baki kawai ba?

Injiniyan_Kongo

Wa alaikumus salam ƙanena. Akwai kam, kuma wanda zan ba ka labarinsa shi ne Steve Blank, Ba'amurke, an haife shi 1953. Mutumin nan ko digiri bai ƙarasa ba a farko, ya bar jami'ar Michigan ya shiga sojan sama, shekara huɗu yana gyaran na'urorin lantarki na jiragen yaƙi har aka kai shi Tailan lokacin yaƙin Biyetnam, wato da gyara ya fara kamar yadda kake yi yanzu. A 1978 ya isa Silicon Valley, matattarar kamfanonin fasaha a Kalifoniya, ya yi shekara 21 yana shiga sababbin kamfanoni yana fita, takwas gaba ɗaya, a ciki akwai Zilog da MIPS masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, akwai SuperMac.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Rocket Science Games, kamfanin wasannin bidiyo da ya shugabanta. Sun tara dala miliyan 35 daga masu zuba jari, mujallu suna ta zuzuta su tun kafin a ga abin da za su sayar, da wasannin suka fito kuma yaran da ake yi dominsu ba su so ba, kamfanin ya mutu a 1997. Bai ɓoye ba, har yau da wannan faɗuwar yake koyarwa. Ya kuma kafa wani kamfanin manhaja E.piphany da abokansa, wannan ya ci, ya shiga kasuwar hannun jari a 1999, shi kuma a shekarar ya yi ritaya.

Sai bayan duk wannan ya fara koyarwa, a jami'o'in Berkeley da Stanford. Kuma abin da yake koyarwa gajere ne wallahi: duk abin da ke kanka game da kwastoma zato ne har sai ka fita ka tambaye shi. A ajinsa da ya fara a 2011 ba a zama ana kwafar allo, kowane sati ɗalibai sai sun fita sun yi magana da mutane su dawo su faɗi abin da suka ji, in zatonsu ya rushe su canza. Hukumar kimiyya ta gwamnatin Amurka ta ɗauki tsarin ta sa masa suna I-Corps, can sai ƙungiya ta zanta da mutum 100 kafin a ce ta gama. Ta ɓangaren jari kuwa, lokacin da ya sa kuɗi a wani kamfani IMVU sharaɗin da ya gindaya shi ne masu kamfanin su zo su zauna a ajinsa, a cikinsu akwai Eric Ries da ya yi suna daga baya.

Ka lura da jerin abin, ya sayar, ya faɗi, ya ci, sannan ya tsaya gaban allo. Shi naka malamin ka tambaye shi sunan kamfani ɗaya da ya gina da mutum ɗaya da ya ba jari wanda za ka iya kira ka ji daga bakinsa. In ya fara kewaye-kewaye ka riƙe kuɗin Hajiya.

Baban_Ummi_SabonGari

Injiniya ka yi bayani Allah ya saka, amma bari in ɗan ja da kai. Can mutum ya ɓatar da miliyan 35 na dala gobe a sake ba shi wasu. Nan yaro ya karya jarin dubu 200 na adashin uwarsa, har ya yi aure ana maganar a gidan suna. Saboda haka kar a riƙa zuga yaranmu da cewa faɗuwa ba komai ba ce, a nan komai ce.

Kai kuma ɗana, ni shagon kayan masarufi gare ni a Sabon Gari kuma littafin bashin nan da kake son kashewa yana nan ƙarƙashin kanta, littafin makaranta ne mai bango ja duk ya sha manja, kowa da shafinsa. Malamin firamare ne, ma'aikacin asibiti ne, matar maƙwabci ce ta aiko yaro a ba ta taliya da magi da sabulu sai ƙarshen wata. Ni ban taɓa mance wanda nake bi ba, ko tsakar dare ka tashe ni zan faɗa maka. Abin da ke hana ni karɓa kunya ce, mutumin da muke sahu ɗaya da asuba ya zan yi in tare shi? Yanzu ka ce waya ta tura masa saƙo da sunan shagona, wallahi wani daga ranar ya daina gaishe ni, ya koma shagon gaba, na rasa kuɗin na rasa mutumin. Kuma na san albashi bai shigo ba, in alat ya shigo shi da kansa yake zuwa.

In kana son ka ji inda yake min ciwo, farashi ne. Na ba da kwalin taliya bashi a kan wani kuɗi, kafin a biya ni kamfani ya ƙara, abin da aka biya ni ba zai sake sayo kwalin ba. Wannan lissafin ne ke cinye jarin mutane a layinmu ba su ankara ba.

Maganar a koya a aji kuwa, mu ubangida ne ajinmu. Na yi masa shekaru ina sauke kaya ina zuwa Kano sari, da lokaci ya yi ya sallame ni da jari, shi ne malamin shi ne mai zuba jarin, kuma kwabo ban biya shi ba.

Malama_TudunWada

Alhaji gaskiya abin da ka rubuta shi ne ainihin darasin da Injiniya yake faɗa, ga shi yaron ya samu hirar kwastoma ta farko kyauta.

Ni abin da nake son ƙanina ya gane shi ne ma'anar zuba jari, don yawancinmu muna haɗa shi da rance. Mai zuba jari na gaske kaso yake saya a kamfaninka, in an ci ku ci tare in an faɗi kuɗinsa sun tafi ba zai kai ka kotu ba. Misali Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na 'yan Najeriya Shola Akinlade da Ezra Olubi, a 2016 suka shiga Y Combinator, shirin da ke zuba jari a sababbin kamfanoni a Amurka, lokacin ana ba da dala 120,000 a karɓi kashi 7 cikin 100, a 2020 Stripe, wani babban kamfanin biyan kuɗi na Amurka, ya sayi kamfanin a kan sama da dala miliyan 200. Su aka ba kuɗi, ba su suka biya don a gan su ba. Kuma abin ba baƙo ba ne a wajenmu, duk wanda ya zauna a zaure a cikin birni ya karanta babin ƙiradi a fiƙihu ya san shi, ɗaya ya kawo dukiya ɗaya ya kawo aiki, riba a raba yadda aka yi sharaɗi, asara kuma ta hau kan mai dukiya matuƙar ba sakaci aka yi ba. Wanda zai karɓi dubu 40 a hannunka kafin ya ga me ka gina, shi kai ne kasuwarsa.

Ban ce aji ba shi da amfani ba fa, ni kaina koyarwa nake. Lissafin riba da faɗuwa, rajistar kamfani a hukumar CAC, yadda ake rubuta yarjejeniya da abokin tarayya don kar a yi rigima gobe, duk a aji ake koyonsu kuma rashinsu yana kashe sana'a. Amma akwai na kyauta. Darussan shi Steve Blank ɗin suna intanet, data kawai za ka saya. Gidauniyar Tony Elumelu tun 2015 take horar da matasa ta ba waɗanda aka zaɓa dala 5,000, kuma cike fam ɗin ba a biya. Ga cibiyar fasaha ta CoLab nan Kaduna, mota ɗaya ce daga Kwangila, ka je ka ga 'yan uwanka masu rubuta manhaja ka ji yadda suke fama.

Ɗan_Samaru

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tura wa mutumin tambayar da Yaya Injiniya ya ce, ya karanta bai amsa ba tukuna. Baba maganar farashin nan ta tsaya min, in manhajar za ta riƙa nuna maka nawa ne kuɗin sake sayo kayan da ka ba da bashi a farashin yau, kai kaɗai kake gani ba a tura wa kowa saƙo, za ka iya biyan wani abu a wata? Kuma wayarka babba ce ko ƙarama, don ban san da wace zan fara ba.

Baban_Ummi_SabonGari

Ƙarama ce mai madanni, babbar tana wajen yaron shago shi ke duba taransifa. Maganar biya kuma ba zan yi maka alkawari ba sai na gani da idona. Ka zo ranar Asabar bayan la'asar kasuwa ta ɗan lafa, kar ka zo da kwamfuta, ka zo da biro da takarda, zan buɗe maka littafin in rufe sunayen mutane, sannan in zaga da kai wajen mutum biyar a layinmu har da mai sayar da hatsi, shi nasa lissafin daban ne da namu. Ka turo min saƙo ta ciki in kwatanta maka shagon.