Kayan da 'yan'uwa na waje ke turowa gida: wa ya ga yadda suka ƙare?

Malamin sakandare, Mabera

Assalamu alaikum. Shawara nake nema daga waɗanda abin ya taɓa faɗowa a kansu. Yayana ya shekara 11 a Ingila. Bara waccan shi da abokan aikinsa suka haɗa kwamfutocin cinya 12 da aka daina amfani da su, suka turo wa makarantarmu. Ranar da aka buɗe kwalayen sai da na yi ƙwalla, domin tun 2015 a kwamfuta ake rubuta JAMB, mu kuwa muna da ɗaliban da sai a zauren jarrabawa suke fara ɗora yatsa kan madannai.

Yau guda 4 kaɗai ke tashi. Baturansu dama sun gaji tun can. Wuta ba kullum ba, zafin Afrilu kun san shi, yana haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta toshe fankokinsu. Babu wanda aka ɗora wa alhakin kula da su. Wadda ta mutu sai a ajiye ta bayan kabad, a lulluɓe da tsohuwar taswira.

Yanzu Yaya ya ce za su ƙara turo 20. Na kasa ce masa e, na kasa ce masa a'a, don da zuciya ɗaya yake yi. Wanda ya taɓa yin irin wannan aiki da ɗan'uwa na waje, don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya.

Manomin albasa, Goronyo

Wa alaikumus salam Malam. Ni ban san kwamfuta ba, ɗana na ka rubuta mani, amma wanga zance ya shafe ni.

Da anka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Injin ban ruwa ya zama abin kallo. Ɗan ƙanena da ke aikin waya a Jidda ya ce zai taimaka da famfo mai sola. Abin da ya burge ni, bai turo komai ba sai da ya tsare ni da tambayoyi: zurfin rijiyar nawa, bututun inci nawa, fangali nawa nake shayarwa a wuni. Sai da munka ɗaura dutse a igiya munka auna rijiyar, shina kallo ta waya.

Sannan ya ce, "Baba, ba zan saya nan ba. Ku saya a Sakkwato, inda in ya lalace kun san shagon da za ku koma." Cikin kuɗin ya ware wani abu, anka kai ɗan maƙwabcina wurin mai haɗa sola ya yi wata 3 shina koyo. Ni a lokacin gani nake ɓarnar kuɗi ce. Sai ga shi tsakiyar rani akwatin da ke sarrafa wutar ya ƙone, albasa na tsaka da yin kai, kwana 3 ba ruwa an gama. Yaron nan ya kwance shi ƙarƙashin bedi, ya kira Jidda, sunka duba tare, washegari ya shiga birni ya sawo abin da ya ƙone. Yanzu har Wurno ake kiransa aiki.

Ba wai babu wahala ba. Kullum da marece sai an kwashe farantan solar a amalanke an kai gida saboda ɓarayi, kuma ranar da hazo ya yi kauri ruwan ba ya da ƙarfi. Abin da ke damuna yanzu ajiya. Albasar da ke ruɓewa cikin rudu kafin ta yi tsada ta isa ta sa mutum kuka. In akwai na waje mai ilimin wanga fanni, mu shi muke jira.

Ɗaliba, ta gama Jami'ar Danfodiyo

Malam, ni ba a turo min ko allura ba, amma ina ganin na fi kowa samu.

Wata Anti 'yar Sakkwato da ke aikin tantance bayanai a Kanada ta ɗauke mu mu 6, duk mata, tana koya mana kowace Asabar. Ƙarfe 4 na yamma a nan, ita tana safiya, wani lokaci da goyo a bayanta. Daga Excel muka fara, muka shiga SQL, sannan Python, duk kayan aikin sarrafa bayanai ne a kwamfuta. Kuɗin data kawai take biya mana, da sharaɗi ɗaya: duk wadda ta fasa aji sau 3 ba dalili, a ba wata gurbinta. Biyu sun fita, mu 4 muka kai ƙarshe.

Abin da ba zan manta ba shi ne lokacin da Babanmu ya ce bai yarda in riƙa zama gaban waya da baƙuwa ba. Anti ta ce in ba shi wayar. Ta gaishe shi da Sakkwatanci tsantsa, ta faɗa masa unguwar da aka haife ta da makarantar allon da ta yi. Sun fi minti 20 suna magana. Da ya miƙo min wayar cewa ya yi, "Wagga ɗiyar mutunci ce, ki riƙe ta." Da Baturiya ce, ko da ta fi ta ilimi, da a nan maganar ta mutu.

Yanzu ina yi wa wata ƙungiya aikin tsara bayanai daga ɗakinmu, kuma ina koya wa 'yan mata 3 abin da aka koya min. Malam, in za ku gyara guda 4 ɗin nan, zan iya zuwa ranar Lahadi.

Injiniya, Jamus

Malam, bari in yi magana ta ɓangarenmu, don mu ma akwai abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya.

Na taɓa tura kuɗin kafa cibiyar koyon kwamfuta a garinmu ta hannun wani na jikina. Wata 8 ana turo min hoton ɗaki ɗaya da fenti. Da na zo hutu na tarar an sa kuɗin a wata hidimar gida. Ban yi rigima ba, zumunci ya fi kuɗi, amma shekara 2 ban sake tura ko sisi don aikin al'umma ba. Ku sani kuɗin nan ba tsintarsu muke ba. Wasunmu aikin dare suke yi cikin sanyin da ba ku taɓa ji ba.

Ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna 'yan Najeriya mazauna waje na turo kusan dala biliyan 20 a shekara. Tarayyar Afirka tana kiranmu yanki na shida na nahiyar, gwamnati ta kafa NiDCOM, hukumar 'yan Najeriya mazauna waje, dominmu, har da ranar 25 ga Yuli da aka ware mana. Duk da haka, in na tashi taimaka wa makaranta a Bodinga, tambayata ba ta wuce ɗaya: wa zan damƙa wa?

Da na dawo ruwa, sai na canja salo. Mu 9 ne yanzu. Asusu ɗaya, ba a fitar da kuɗi sai mutum 2 sun sa hannu, kuma babu ɗan'uwan kowa a cikinsu. Kowane wata a turo rasit a zauren WhatsApp. Mai kula da wurin albashi muke ba shi, ba "Allah ya saka da alheri" ba. Kuma laifinmu na faɗe shi: muna son abin da za a ɗauka a hoto. Kwali 20 ya fi albashin mai gyara kyau a ido, shi ya sa muke ta turo kwali.

Baduku, Tsohuwar Kasuwa

Ku daina mantawa da 'yan'uwanmu na Kumasi da Sudan da Makka, su ma na waje ne. Ƙanwata da ke aure a Kumasi ita ke saka jakunkunana a Instagram. Fatar jar akuyar Sakkwato ba ta buƙatar talla, tun zamanin ayari ake ƙetara Sahara da ita. Abin da ta koya min shi ne awo: jaka 10 su fito girma ɗaya, ɗinki ɗaya, a ɗauki hoto da hasken safe. Inda muke cijewa kuɗin aikawa, wani lokaci ya kusa kuɗin jakar.

Ma'aikaciyar jinya, Gwadabawa

Ƙari kaɗan. Wasu likitoci 'yan gida da ke waje sun kawo mana manhajar bibiyar masu juna biyu. Niyya mai kyau, amma da Turanci take, kuma sai da intanet. Matan da nake gani yawancinsu ƙaramar waya gare su, wasu ma ta maigida ce. Ku tuna a 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar nan saboda matsalar tsaro. Da muka faɗa musu gaskiya ba su ji haushi ba. Aka koma saƙon murya da Hausa, ana tura wa ungozoma, ita kuma ta kunna wa mata a gidan suna. Wannan kam yana aiki har yau.

Malamin sakandare, Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba na Goronyo, maganar igiya da dutse ta tsaya min a rai.

Jiya bayan Isha'i na kira Yaya, na kunna kyamara, na ɗaga taswirar nan na nuna masa guda 8 ɗin da ke kwance. Ya yi shiru, sannan ya ce me ya sa ban faɗa masa tun bara ba. Mun tsaya a kan su dakata da guda 20 ɗin. Kuɗin jigilar za a sa a farantan sola da batura, a gyara waɗanda za su gyaru, a samu yaro ɗaya da za a riƙa biya. Injiniya, Yaya na son ganin yadda kuka tsara asusunku. Ɗiyata ta Danfodiyo, na yi wa shugaban makaranta maganar Lahadi, ya amince, ƙarfe 10 na safe.

Saura mai gyara. Wanda ya san yaro mai amana da ya iya buɗe kwamfutar cinya, a Mabera ko kusa, ya yi min magana kafin Juma'a.