Neman shawara: farantin baya yana ji min ciwo, ko akwai na masu ƙaramin jiki?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu nutso. Shawara nake nema, don abin ya tsaya min a rai. Ni mace ce mai ƙaramin jiki, tsayina santimita 152, nauyina kilo 48. Na yi nutso kusan sau arba'in da rigar iska irin ta haya, wato rigar da ake hura wa iska don daidaita nitsewa da tasowa, kuma ko mafi ƙanƙantarta sai ta hau min har kunne da zarar na taso saman ruwa. Aka ce in koma farantin baya, wato farantin ƙarfen nan da ake ɗaure tukunyar iska a jikinsa, jakar iska tana tsakani, a goya shi da madauri. Wata ƙawata ta ara min nata, na ƙarfe mara tsatsa, tsayinsa kusan santimita 40. Sau uku na shiga ruwa da shi, sau uku ina fitowa da ciwo. Bakinsa na ƙasa yana cakar min ƙashin tsatso, har wurin ya tara jini, kwana biyu ban iya jingina da kujera ba. Idan na ɗaga kai zan duba gaba, ƙeyata ta bugi kan tukunya. Madaurin kafaɗa kuma sai zamewa yake, a nutso na uku da hannu na riƙe na hagu har muka fito.

Duk da haka ban so in haƙura, don a cikin ruwa na kwanta shimfiɗe yadda ban taɓa yi ba. Gajeren faranti zan saya, ko ɗaurin ne ban iya ba? Na ƙarfe ko na alminiyam? Jakar iska kuma mai ɗaga kilo nawa?

Amsar wani malamin nutso:

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ciwo. Kada ki ƙara shiga ruwa da shi a haka. Tsayin mutum gaba ɗaya ba shi ake dubawa ba, tsayin gadon baya ake dubawa, don akwai gajere mai dogon baya, akwai dogo wanda duk tsayinsa a ƙafa yake. Ki sunkuyar da kai, ki shafa bayan wuyanki, za ki ji wani ƙashi da ya turo. Ki sa wata ta auna miki daga nan zuwa daidai saman ƙasusuwan kwankwaso. Saman faranti ƙasa kaɗan da wannan ƙashin yake zama, inda idan kika kai hannu ta bisa kafaɗa yatsunki za su taɓa bakinsa ba tare da kin yi ta miƙa ba. Idan yana wurin, amma bakinsa na ƙasa ya sauka kan mazaunai, ko madaurin ƙugu ya faɗa ƙasa da kwankwaso, to farantin ya yi miki tsawo, babu ɗaurin da zai gyara wannan. Gajerun faranti sukan zo wajen santimita 33 zuwa 35, kamfanoni irin su Halcyon da Dive Rite suna yin su. Abu ɗaya da za ki tabbatar kafin ki biya: tazarar ramukan noti na tsakiya ta zama inci 11, kusan santimita 28, don a kanta ake ƙera yawancin jakunkunan iska da maɗauran tukunya biyu.

Amsar wata 'yar uwa:

'Yar uwa, kamar labarina kike bayarwa, ni santimita 155 ce. Zamewar madauri ita ta fi ba ni wahala, kuma kuskuren da na daɗe ina yi shi ne ƙara tamke kafaɗa. Na tamke har hannuna ya riƙa yin sanyi, cire kayan ma sai an taimaka min, kuma farantin ya ƙara hawa wuyana. Ashe ba kafaɗa ke riƙe kayan a cikin ruwa ba, madaurin ƙugu ne da wanda ke bi ta tsakanin ƙafafu. Kin sa wannan na tsakanin ƙafafu kuwa? Ba ki ambace shi ba. Shi ke jan farantin ƙasa, shi ke hana kaya hawa kunne a saman ruwa. Ki daidaita shi yadda madaukinsa na gaba zai kai madaurin ƙugu ba tare da ya janyo shi ƙasa ba. Ita kafaɗa, ki bar sararin da yatsu biyu ko uku za su shige, kuma ki gwada sanye da rigar robar da kike nutso da ita, ba da rigar gida ba.

Mu masu siririyar kafaɗa, ramukan sama na babban faranti sun yi mana nisa da juna, shi ya sa madaurin ke fita ta gefe. Wasu suna gicciya madauran biyu a bayan wuya. Na gwada, zamewar ta daina, amma ya goge min wuya har fata ta saɓule, sai na koma ɗan siririn madaurin ƙirji mai haɗa biyun. Akwai masu cewa wannan ya ɓata tsarin madauri guda, wato dogon madauri ɗaya da ke bi ta kafaɗu har ƙugu babu yanki, wanda masu nutson kogo na Florida a Amurka suka yaɗa don kada a samu makullin roba da zai karye. Hujjarsu tana da ƙarfi a cikin kogo. Amma ɗan madaurin ƙirji ko ya tsinke kayan ba za su rabu da jikinki ba, kuma ya fi ki yi nutso hannu ɗaya na riƙe da kafaɗa. Zobban ƙirji kuwa, wato zobban ƙarfen da ke kan madaurin kafaɗa don rataya kaya, ki buɗe hannuwa gefe, ki lanƙwaso su, inda manyan yatsunki suka sauka nan ne wurinsu. Ga mace yawanci sai an ɗan ƙara matsar da su sama kusa da ƙashin wuya, in ba haka ba sun riƙa danna ƙirji.

Amsar wani ɗan uwa:

Ni dai ina ganin kada a yi saurin ɗora komai a kan faranti. Bugun ƙeya sau da yawa daga tukunya yake. Ki sassauta maɗaurinta ki sauke ta yatsu biyu ko uku, muddin maɗaurin sama bai hau kan kafaɗar tukunyar inda ta fara lanƙwasa ba, kuma hannunki yana kai wa bawul, wato mabuɗin iskar da ke kan tukunya. Sannan tukunyar alminiyam da aka fi bayarwa haya, mai lita 11, tsayinta wajen santimita 66 ne. A bayan mai santimita 152, in an ɗaga ta ta bugi kai, in an sauke ta ta bugi cinya. Ki tambayi ƙaramarta mai lita 9, ko gajeriyar ta ƙarfe. Mai ƙaramin jiki galibi ba ya shan iska da yawa, sai ki ga ƙaramar ta ishe ki. Ki gwada wannan kafin ki kashe kuɗi.

Malamin nutso ya ƙara:

Maganarka gaskiya ce game da ƙeya, malam. Amma taruwar jini a tsatso ba aikin tukunya ba ne.

Amsar wata mai nutson ruwan sanyi:

Bari in taɓa batun ƙarfe da alminiyam, tunda ba wanda ya taɓa. Babban farantin ƙarfe mara tsatsa yana kai kilo biyu da rabi, na alminiyam bai cika kilo ɗaya ba. Tambayar ita ce dalma nawa kike ɗaurawa a ƙugu yanzu don ki iya nitsewa. Idan da rigar roba mai kaurin milimita 5 kike nutso kina ɗaukar kilo huɗu ko biyar, ɗauki na ƙarfe, ki rage dalmar ƙugu, nauyin ya kwanta daidai kan huhunki. Wannan ne ma sirrin shimfiɗuwar da kika ji daɗinta. Amma idan ruwan ɗumi ne, rigarki siririya, dalmarki kilo ɗaya ko biyu, farantin ƙarfe haɗe da tukunyar ƙarfe zai iya yi miki nauyi fiye da kima, kuma nauyi ne da ba za ki iya kwancewa ki jefar ba ranar da jakar iska ta huje. Wannan ya fi ciwon baya haɗari, ina roƙonki kada ki raina shi. Gwajin shi ne a ƙarshen nutso, a zurfin mita 5, iskar tukunya ta rage bar 50 a ma'aunin matsi, wato ta kusa ƙarewa, jaka babu iska: ki tsaya cak, ba ki nitsewa ba ki tasowa. Jakar iska kuwa, mai ɗaga kilo 8 zuwa 11 ta wadatar da tukunya ɗaya da siririyar riga, mai kilo 13 ko 14 idan rigar mai kauri ce. Kada ki karɓi babbar da aka yi wa tukunya biyu, naɗe tukunyar take yi ta gefe biyu, iska ta maƙale a ciki ta ƙi fita.

Mai tambaya ta dawo:

Allah ya saka muku da alheri. An auna min, santimita 39 ne, farantin ma ya ɗara bayan nawa. Madaurin tsakanin ƙafafu kuma gaskiya ban sa ba, ƙawata ta cire shi tuntuni. Rigata milimita 5 ce, dalma kilo huɗu, don haka gajere na ƙarfe zan nema. Sauran tambaya ɗaya: madaurin da ke zuwa da shi dogo ne ƙwarai, in yanke rarar tun farko?

Amsar 'yar uwar nan mai santimita 155:

A'a, kada ki yanke tukuna. Ki naɗe rarar ki maƙale ta da zoben roba, ki yi nutso biyar ko shida, na farko a wurin ninkaya mara zurfi tare da malami, don sai kin yi ta matsar da abubuwa, kuma duk santimitar da kika ƙara wa kafaɗa daga ƙugu take fitowa. Idan komai ya zauna, ki sa rigarki mafi kauri, ki bar rarar santimita 15 bayan kan bel, sannan ki yanke ki ƙona bakin da wuta don kada ya warware. Ki koyi cire kayan a cikin ruwa tun ranar farko, hannu ɗaya sannan ɗayan, har sai kin iya ba tare da taimakon kowa ba.